Rank Math da adireshin Kantin Kwari

Shafin "Tuntuɓe mu" shi ne na ƙarshe da yawancinmu masu haɗa wa mutane shafin intanet muke yi, kuma shi ne wanda ba ma ɓata wa lokaci. A rubuta sunan shago, a jera lambobin waya uku ko huɗu, a ƙara "daura da masallaci", shi ke nan an gama. Ɗan Adam in ya karanta ya fahimta. Injin bincike irin Google kuwa haruffa da lambobi kawai yake gani, sai ya yi ta kintace: wannan lambar ta waya ce ko ta shago, wannan "Bello" ɗin sunan mai shagon ne ko sunan titi. Maganin abin shi ne a manna wa kowane bayani alamar da inji zai iya karantawa, wadda ke cewa wannan suna ne, wannan titi ne, wannan waya ce, ga lokacin buɗewa ga na rufewa. Kamar dai rubutun da ake yi da alƙalamin maka a jikin dilar kaya kafin a kai ta tasha: sunan mai kaya, gari, lambar waya. Ba don ado aka yi ba, don direba da 'yan kamasho aka yi.

WordPress, tsarin gina shafuka wanda fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet na duniya ke kansa, bai zo da wannan a shirye don bayanan kasuwanci ba. Sai an ƙara masa. Abin da na fi amfani da shi wajen ƙarawar shi ne ɓangaren Local SEO (mai taimaka wa injin bincike ya gane kasuwanci da inda yake) na Rank Math, wani fulogin, wato ƙarin da ake ɗora wa WordPress, wanda ake saukewa kyauta daga ma'ajiyar WordPress. Na sa shi a shafin wani shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, da na wata makarantar Islamiyya, da na wani kemis. Ra'ayina shi ne, ga mai shago ɗaya ya isa, ya iya aikinsa, kuma ba ya buƙatar ko sisi. Amma aikin nasa bai kai girman yadda wasu abokan sana'armu ke zuzuta shi wa masu kasuwa ba, kuma akwatunan da ya tanadar ba da irin adireshinmu aka auna su ba.

Akwai abin da ke rikita sababbin shiga, gara in kawar da shi tun yanzu. In ka buɗe kod ɗin shafukan WordPress da yawa, wato rubutun da ke bayan abin da ake gani, ka nemi kalmar vcard za ka same ta, galibi a wurin sunan marubuci, sai ka ɗauka ai aikin ya riga ya kammala. Wannan ragowar wani tsohon tsari ne. Tun 1995 kamfanonin Apple, AT&T, IBM da Siemens suka haɗu suka fito da vCard, wanda shi ne har yau wayarka ke amfani da shi in ka tura wa wani lambar mutum, fayil ɗin nan mai ƙarewa da vcf. Wajen 2004 zuwa 2005 Tantek Çelik da abokan aikinsa suka ɗauko filayen vCard ɗin suka zuba su cikin HTML, harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi, suka kira abin hCard: fn don cikakken suna, tel don waya, adr don adireshi. Ɗan guntun wannan ne rigunan WordPress (themes, masu ba shafi fasali) suka ɗauka, sunan mutum da mahaɗi (link) kawai, babu titi babu waya. A 2009 Google ya fara karanta irin waɗannan alamomin don ƙawata sakamakon bincike. Sai a watan Yunin 2011 Google da Bing da Yahoo suka haɗa kai suka kafa schema.org, Yandex na Rasha ya biyo baya a shekarar, aka samu ƙamus guda da injunan bincike suka yarda da shi. A 2014 JSON-LD, wani sabon salon rubuta waɗannan alamomin, ya zama ƙa'ida a hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, kuma a yau shi Google ke cewa ya fi so.

Bambancin da ke tsakanin tsohon da sabon shi ne asalin maganata. Shi hCard yana naɗe rubutun da mutum ke gani ne. Lambar da ke gaban idonka ita ce lambar da inji ke karantawa, guda ɗaya ce. Shi kuwa JSON-LD kwafi ne daban, a ɓoye a cikin kod, babu mai ganinsa sai wanda ya je nema. Wannan ya sa ya fi sauƙin sakawa, domin ba sai an taɓa zanen shafi ba. Wannan kuma shi ne haɗarinsa. Ranar da mai shago ya canja layi, aka gyara lambar da ake gani aka manta da ɓoyayyar, shafin zai riƙa gaya wa mutane abu ɗaya yana gaya wa Google wani. A ƙasar da ake canja layi saboda an sace waya, ko an rufe shi kan batun NIN, ko yaron shagon da layin ke hannunsa ya samu 'yanci ya buɗe nasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da wannan ma'aunin nake auna duk wani fulogin na irin wannan aikin: shin na fili da na ɓoye daga wuri ɗaya suke fitowa?

Rank Math ya ci wannan jarrabawar, amma sai ga wanda ya san inda zai duba. Bayan ka cika bayanan a saitinsa, akwai wani gajeren umarni, rank_math_contact_info, da ake sawa a cikin baka mai kusurwa kamar sauran gajerun umarnin WordPress. Duk inda ka ajiye shi, a shafin tuntuɓa ko a gindin shafi, zai zubo adireshin, da wayar, da lokutan aiki daga akwatunan da ya gina ɓoyayyen kwafin da su. Ka gyara sau ɗaya, duka biyun su gyaru. A ganina wannan shi ne abu mafi daraja a ɓangaren gaba ɗaya, kuma na ga shafuka da yawa da aka cika saitin tsaf amma aka sake buga lambar da hannu a gindin shafi, wato an dawo da matsalar da aka zo gyarawa. Yadda yake zubo bayanan ba shi da wani kyau, rubutu ne fayau, sai ka ɗan shafa masa CSS, wato kwalliyar shafi, kafin ya dace da sauran shafin. Hakan bai dame ni ba.

Sakawar ba ta da wuya. Da ka kunna shi zai kawo maka jerin tambayoyin farko, har da neman ka buɗe asusu a wurinsu. Ana iya tsallakewa, ni kuma tsallakewa nake yi. Daga nan ka kunna Local SEO a allon ɓangarorinsa, ka kashe waɗanda ba ka buƙata, don suna da yawa kuma yawancin shafukanmu a kan hostin (masaukin shafi) mai araha suke. Akwatunan kansu suna ƙarƙashin Titles & Meta. Allon da Turanci yake, kuma tallan sigar da ake biya yana leƙowa nan da can, abin da fulogin na kyauta da yawa ke yi.

Tambayar farko ita ce mutum ne ko kamfani, sai suna, sai tambari, sai irin kasuwanci. Jerin irin kasuwancin daga schema.org aka kwaso shi, kuma yana da tsawo. Kemis ya samu Pharmacy, makaranta ta samu School, mai sayar da waya a kasuwar Farm Centre ta Kano yana da MobilePhoneStore. Shagon atamfa sai na ba shi ClothingStore, duk da cewa yadi yake sayarwa ba ɗinkakku ba. Tela ba shi da gurbi ko kaɗan, balle mai saƙa ko marini. In ba ka samu daidai da kai ba, ka koma kan wanda ya fi faɗi, Store ko LocalBusiness, ya fi ka zaɓi wanda ba kai ba don kawai sunan ya yi kama.

Adireshi ne inda aka sha aiki. Akwatuna biyar ne: titi, gari, jiha, lambar gidan waya, ƙasa. Da na tambayi mai shagon atamfar adireshinsa sai ya ce, "Injiniya, ka ce gidan wane, layi na biyu, in ka hau bene hannunka na dama. Kowa ya san mu." Gaskiya ya faɗa, a Kwari haka ake samun shago, da sunan gida da layi da hawa, ba da lambar titi ba. Na san masu haɗa shafin da in sun ji haka sai su ƙirƙiro wani "No. 5" su liƙa wa titi mafi kusa don akwatin ya yi kama da na Turawa. Wannan zalunci ne ga baƙon da zai taso daga Maraɗi yana neman lamba biyar ɗin da babu ita. Akwatin titi rubutu ne kawai yake karɓa, ba ya ƙin komai. Na rubuta lambar shagon, sunan gidan, hawan, sannan Kantin Kwari, Fagge, duk a layi ɗaya yadda ɗan dako zai gane. Gari na sa Kano, jiha ma Kano, ƙasa kuma NG. Maimaicin Kano sau biyu yana da ban haushi a ido, amma akwai wani akwati na tsarin adireshi inda za ka cire jihar daga abin da ake nunawa mutane, ta zauna a ɓoyayyen kwafin.

Lambar gidan waya kuwa, don Allah a daina sa 234 ko 23401. Na farkon lambar kiran ƙasa ce, na biyun kuma ba lambar NIPOST ba ce, domin tasu alƙaluma shida ce, ta birnin Kano da 700 take farawa. In mai shago bai san tasa ba, ka nemo masa, in ba ta samu ba ka bar akwatin wayam. Abin da babu ya fi na ƙarya, domin na ƙarya ne ke sa inji ya fara shakkar sauran bayanan.

Abin da ke cike giɓin adireshinmu shi ne akwatin latitu da lonjitu. Ka tsaya a bakin shagon da kanka, ka danna wurin a taswirar wayarka, ka kwafi lambobin biyu. Google na son aƙalla alƙaluma biyar bayan ɗigo. A nan akwai wani rami da babu manhajar gwajin da za ta nuna maka. Kano tana wajen 12 arewa, 8.5 gabas. In ka juya su, ka sa 8.5 a gaba, lambobin suna nan halal ɗinsu, babu jan rubutu babu gargaɗi, amma ka kai shagon can wajen Ganye a jihar Adamawa. A wasu ƙasashen juyawar na jefa mutum cikin teku sai a lura. Mu namu a cikin Najeriya yake sauka, shi ya sa yake daɗewa ba a gano ba. Don haka bayan na cika akwatin sai in kwafi abin da na sa in manna a taswira in ga inda ya faɗa. Ina kuma ƙara Plus Code ɗin wurin a rubutun da mutane ke gani, gajeriyar lambar nan da Google Maps ke bai wa kowane wuri, don mai adaidaita ko direban da ke da waya.

Akwai akwatin da ke neman makullin Google Maps don a nuna taswira a cikin shafi. Sai an je Google Cloud an karɓo shi, ni kuwa ba na wahalar da kaina. Mahaɗi nake sawa mai cewa "Buɗe a taswira". Taswirar da aka cusa cikin shafi na cin data kuma tana jan lodawa, masu shigowa kuma kusan duk da waya suke.

Sai waya. Misalin da ke cikin akwatin na Amurka ne, amma darasinsa ɗaya ne: a fara da lambar ƙasa. Layin da ya fara da 0803 sai ya koma +234803, sifilin farko ya tafi. Wasu na ganin wannan tsirfa ce. A Kwari ba tsirfa ba ce. Masu sarin da ke zuwa daga Damagaram da Maraɗi da Injamena da arewacin Kamaru in suka danna lambar da ta fara da sifili daga layin ƙasarsu ba za ta shiga ba. Lambar ƙasa ita ce bambancin kiran da ya shigo da wanda bai shigo ba. Ana iya sa lambobi da yawa, kowacce da irin aikinta, kuma jerin ayyukan ne ya ba ni dariya ranar da na fara ganinsa: akwai layin bin sawun jakar jirgin sama, akwai na agajin mota a hanya, akwai na matsalar katin bashi. Tsohon jerin Google ne na manyan kamfanoni aka kwaso. Abin da mu muke buƙata, wato wannan na Alhaji ne, wannan na yaro ne, wannan na WhatsApp ne, babu shi. Nakan sa babbar lambar a matsayin ta kula da abokan ciniki, ta biyu a matsayin ta sayarwa, in tsaya nan. Lambobi huɗu a shafi ɗaya ba alamar girman kasuwanci ba ne, alamar uku ba a ɗauka ne.

Rashin gurbin WhatsApp shi ne babban giɓin da na gani, domin a nan cinikin yake: hoton atamfa, saƙon murya, hoton shaidar turo kuɗi. Laifin ba na Rank Math kaɗai ba ne, shi kansa schema.org bai ware masa fili ba. Nakan sa mahaɗin wa.me da hannu a gefen gajeren umarnin, kuma shi nasa tsarin daban ne, 234 ne a gaba babu alamar tarawa babu sifili. Ka lura wannan ya zama wuri na biyu da za a gyara in an canja layi. Ba ni da yadda zan yi, sai dai in rubuta shi a takardar da nake miƙa wa mai shafin.

Lokutan aiki sun ba ni mamaki ta hanya mai daɗi. Ana iya sa rana ɗaya sau biyu, don haka Juma'a na sa 09:00 zuwa 12:30, sannan 15:00 zuwa 18:00, tsakiyar ta masallaci ce. Makarantar Islamiyyar ma haka, ta safe daban ta yamma daban, Alhamis da Juma'a hutu. Inda ya gaza shi ne azumi da salla. A schema.org akwai hanyar cewa waɗannan lokutan daga ranar kaza zuwa ranar kaza ne, Google ma ya yi bayaninta, amma akwatin nan ba shi da wurin kwanan wata. Ga shagon yadi kuwa goman ƙarshe na Ramadan ita ce kasuwar shekara, lokutan duk sukan sauya. Sai dai a shiga a gyara da hannu, a kuma tuna a mayar bayan salla. Sannan mutanenmu da salla suke auna lokaci ba da agogo ba. In ka ce yaushe ake rufewa, sai a ce gab da magariba, magariba kuma tana tafiya da watanni. Nakan zaɓi lokacin da na tabbata in mutum ya zo zai tarar da kowa, ko da ya ɗan gaza na gaskiya.

Akwatin farashi da ke son alamomin dala biyu ko uku na bar shi. A wurin da ake taya kaya ba shi da ma'ana. Manhajar gwaji za ta yi ƙorafi a kai, amma gargaɗi ne ba kuskure ba. Sunan kasuwanci da adireshi ne kaɗai Google ya wajabta ga LocalBusiness.

Gwajin kansa minti kaɗan ne. Ka buɗe kod ɗin shafin a burauza ka nemi ld+json, za ka ga na Rank Math ɗauke da sunan rank-math-schema. Sannan ka kai adireshin shafin Rich Results Test na Google, da kuma validator.schema.org, wanda ya gaji tsohuwar manhajar gwajin Google a 2021. Ka ƙirga ƙunshin alamomi nawa ka samu. Wani shafin da aka kawo mini gyara, rigar da aka saya masa tana fitar da nata alamomin daban, kuma har lokacin adireshin gwajin da ta zo da shi ne a ciki, wani titi a Ostiraliya da lambar wayar da ba ta kowa ba. Wato shago ɗaya, a ɓoye yana da'awar yana ƙasashe biyu. Sai da na kashe na rigar. Haka in akwai wani fulogin na SEO a shafin tun da, ɗaya za a bari. In sunan shagon yana da ƙ ko ɗ ko ɓ, ka ga sun koma wani abu kamar \u0199 a cikin kod, kada hankalinka ya tashi, haka JSON kan rubuta su wani lokacin, kuma manhajar gwaji za ta nuna maka harafin daidai.

Da na gama na nuna wa mai shagon atamfar, sai ya juya wayarsa sama da ƙasa ya ce, "To ni ina zan ga abin da ka yi?" Na ce, "Alhaji, ba kai za ka gani ba, Google ne zai gani." Ya ce, "To Google ɗin ya biya ka mana." Dariya aka yi, amma tambayarsa tana kan hanya, kuma amsarta ta gaskiya ba ta da daɗin ji. Waɗannan alamomin ba su ke ɗora shago a kan taswira ba. Akwatin nan da ke fitowa a gefen bincike da hoton shago da maɓallin kira daga Google Business Profile yake zuwa, wanda a da ake kira Google My Business kafin a canja masa suna a 2021. Rajista ce daban, kyauta, kuma sai Google ya tabbatar da wurin, sau da yawa ta hanyar bidiyon da ke nuna allon shagon da cikinsa. Abin da alamomin ke yi shi ne su zama shaida ta biyu, su gaya wa inji cewa shafin nan da shagon can abu ɗaya ne, suna ɗaya, waya ɗaya, wuri ɗaya. Google da kansa ya rubuta cewa saka su ba ya tabbatar da za a nuna komai na musamman. Taurarin yabo ma da wasu ke yi wa mutane alkawari, tun watan Satumbar 2019 Google ya daina nuna waɗanda kasuwanci ya ba kansa a shafinsa. Duk wanda ya karɓi kuɗin mai shago da sunan zai kai shi saman Google da wannan fulogin ɗin, abin da ba shi da iko a kai ya sayar.

Wani abin da allon saitin ba zai tunatar da kai ba shi ne cewa abin da ya saukaka wa Google karantawa ya saukaka wa kowa. Manhajojin da ke yawo suna tsintar imel da lambobin waya don tura saƙon damfara su ma sun iya karatun. Ga shago a kasuwa babu damuwa, dama so ake a same shi. Amma da yawa daga masu neman shafi yanzu mata ne masu sana'a a gida, turaren wuta, kayan fulawa, ɗinki. Irin wannan ba na sa mata adireshin gida, balle latitu da lonjitu masu kai mutum har bakin ƙofa. Nakan ce, "Hajiya, unguwa kawai za mu rubuta, in mutum ya yi oda kya yi masa kwatance." Sai in bar irin kasuwancin a kan Organization, da layin sana'a ba na gida ba, da imel na daban. Akwati ya kasance a allo ba ya nufin dole a cika shi.

Ga mai iya PHP, harshen da aka rubuta WordPress da shi, akwai ƙofar da aka bari a buɗe, matatar rank_math/json_ld, wadda ke ba ka damar ƙara abin da allon bai tanada ba kafin a buga kod ɗin. Da ita na ƙara availableLanguage don nuna cewa wanda zai ɗauki wayar yana jin Hausa, lambarta ha, na kuma ƙara areaServed na sa Najeriya da Nijar. Layuka kaɗan ne. Ka ajiye su a ɗan ƙaramin fulogin na kanka, kada ka sa a cikin rigar shafi, don ranar da aka sabunta ta ko aka canja ta za su tafi.

Batun kuɗi yana shigowa ne in rassa sun yi yawa. Na kyauta wuri ɗaya kawai yake ɗauka. Mai shago a Kwari da wani a Sabon Gari da na uku a Abuja sai ya sayi Pro, wanda duk shekara ake biya kuma da kuɗin waje, ga shi mun san yadda katunan naira suka yi shekaru suna ƙin biya a ƙetare. In rassa biyu ne kawai, ni nakan rubuta na biyun da hannu ta matatar da na ambata. In sun kai biyar ko goma, a biya kawai, lokacinka ya fi kuɗin tsada. Yoast SEO, wani fulogin irinsa wanda ya girme shi kuma tun 2019 yake da tsarin schema mai tsafta ƙwarai, yana ba da sunan kamfani da tambari da shafukan sada zumunta kyauta, amma adireshin shago da lokutan buɗewa suna ɓangaren da ake biya. Wannan kaɗai ne ya sa na karkata ga Rank Math a irin wannan aikin, ba don ya fi shi a komai ba. 

Shi tsohon hCard bai mutu ba, ya sake fita da sunan h-card, kuma har yanzu ina amfani da shi a wuri ɗaya: shafin mutum guda, marubuci ko malami ko ɗan jarida, wanda ba shago gare shi ba. A akwatin HTML na WordPress sai ka naɗe bayanin da h-card, sunan da p-name, mahaɗin da u-url, imel da u-email, babu fulogin babu saiti. Google ba ya lissafa shi cikin tsare-tsare ukun da ya ce yana karɓa, amma dandalin sada zumunta na Mastodon da manhajojin jama'ar IndieWeb, masu riƙe shafukansu da kansu, suna aiki da shi, kuma tunda rubutun fili yake naɗewa ba zai taɓa saɓa wa abin da ido ke gani ba. Ana iya haɗa shi da JSON-LD a shafi ɗaya ba tare da sun yi karo ba.

Saura miƙa aiki. Saitin Local SEO a hannun babban mai gudanarwa yake, kuma bai kamata a ba yaron shago wannan makullin gaba ɗaya don kawai zai canja lambar waya ba. Rank Math yana da ɓangaren Role Manager, inda za ka buɗe wa matsayin edita saitin Titles & Meta kaɗai ka bar sauran a kulle. Ƙofar ta ɗan fi yadda nake so faɗi, domin wanda ya shiga zai iya taɓa taken shafuka ma, amma ta fi ba da komai. Nakan zaunar da yaron ya canja lambar a gabana ya mayar, ya ga ta sauya a gindin shafin, sannan in nuna masa maɓallin share ajiyar wucin gadi, domin in hostin ɗin yana riƙe tsohon kwafi zai yi ta kirana yana cewa gyaran bai hau ba.